Wurin Maharban Mallawa: Baka, Mushe da Dajin da Ya Zama Gona

Daga birnin Damagaram zuwa Magariya tafiyar kusan kilomita 100 ce a kan kwalta, ta Dogo da Bande. Na bi wannan hanya da hunturu, bayan gero ya shiga rumbu, kuma inda na nufa shi ne Mallawa, can gabas da Dungas, kusa da iyakar Najeriya. Abin da ya tashe ni wani ɗan'uwana ne da ke karatu a Kanada. Da ya zo hutu ya nuna mini a wayarsa yadda maharban can suke farautar beyar, wata ƙatuwar dabba mai baƙin gashi wadda babu irinta a dazuzzukan Afirka. Sukan kai durom cikin daji su cika shi da abinci mai maiƙo da zaƙi, su bar dabbar ta saba da zuwa, sannan maharbi ya hau itace da bakansa ya yi kwanto. Shi abin mamaki yake ba shi. Ni kuwa hirar tsofaffi na tuna, domin da wannan dabarar ake dakon kura a kan mushe a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Na ƙudura in je in ga ko akwai sauran masu wannan sani, tunda gani ya kori ji.

Tun kafin Bande, abin da ke fara kama idon matafiyi shi ne gawo. Duk inda ka duba cikin gonaki ga shi tsaye, kore shar, alhali ciyawa ta bushe, domin gawo da rani yake yin ganye, da damina ya kakkaɓe ya bar wa gero rana. Dattijon da ke zaune kusa da ni a mota ya ce a farin 1984 in ka tsaya a nan kana hango gari tun daga nesa, babu abin da ya tare maka ido. Ba gwamnati ta dasa waɗannan itatuwa ba. Manoma ne suka daina sare tsiron da ya fito da kansa, in suna sassabe su ƙyale shi, su rage masa rassa har ya girma. Masu bincike da suka zagaya ƙasashen Magariya, Matamaye da Mirya a wajen 2006 sun ƙiyasta cewa fili kusan hekta miliyan 1 ya sake yin itatuwa ta wannan hanya, a Nijar gaba ɗaya kuwa ana maganar hekta miliyan 5. Itace dai ya dawo. Saura in ga ko naman da ke zama a ƙarƙashinsa ya biyo shi.

A tashar Magariya na sauya mota, tsakanin tarin raken kwarin Korama, buhunan riɗi da wake, da 'yan canji masu sefa a hannu ɗaya naira a ɗayan. Dungas tsohuwar sarauta ce, tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Mirya da Waca, waɗanda suka koma ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19. A 2011 aka cire ta daga Magariya aka ba ta gundumarta, Mallawa na cikin ƙananan hukumominta huɗu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a gundumar Magariya, sama da 350,000 a ta Dungas. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma ya ji rabin labarin farauta a ƙasar nan, domin kowane ɗaya daga cikinsu gona yake ci.

Daga Dungas na hau kabu-kabu. Jigawa ce mai rairayi, in ka gangara sai kwari mai goriba da dabino da lambuna, in ka hau sai gonaki da karan gero, da garken Fulani suna kiwo a cikinsu. Mun yi ta wuce amalanken shanu da masu kora tumaki, duk Maigatari suka nufa, babbar kasuwar dabbobi da ke ci ranar Alhamis a jihar Jigawa. Tun daga Dungas har Mallawa ban ga wurin da za a kira dawa ba. Gona tana ƙarewa ne inda wata gona ta fara, sai burtali siriri a tsakani.

Na yi gaisuwa wurin manyan gari, na faɗi abin da ke tafe da ni, aka haɗa ni da yaro ya kai ni wani ƙauye inda Sarkin Bakan wannan yanki yake zaune. Na iske shi a inuwar zaure yana tufkar igiya, tsoho dogo, idonsa garau. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, barka da hutawa. Wurinka aka turo ni, in ji labarin baka."

"Maraba, Malam. Ka sha ruwa tukuna. Baka ba ya gudu."

Bayan la'asar ya sa jikansa ya fito da kayan. Bakan na itacen dargaza ne, ya yi baƙi saboda riƙo, tsirkiyarsa ta murɗaɗɗiyar fata. Kwarin an naɗe shi da jar fata, layu na rataye a jikinsa. Ya zaro kibiya ɗaya da kansa, bai bari na taɓa ba. Jikinta kyauro ne, bakinta ƙarfe mai kunnuwa, aikin maƙerin garin, kuma babu gashin tsuntsu a gindinta irin na kiban Turawa. Saboda haka ba ta dogon zango. Dole maharbi ya kusanci nama, kuma wannan kusanta ita ce sana'ar gaba ɗaya. Ƙasa da bakin ƙarfen akwai wani baƙin abu a daskare, shi ne dafi. Tushensa 'ya'yan kwankwani ne, wani tsiro mai yaɗo da ya fi son ƙasashen kudu masu ruwa, kuma zuciya yake tsayarwa. Daga irin wannan tsiro ne likitocin Turai suka fitar da maganin ciwon zuciya a ƙarshen ƙarni na 19. Sauran abin da ake haɗawa sirrin gida ne, kuma ban tambaya ba.

Sai ya ɗauko kan burtu: itace sassaƙaƙƙe da siffar wuya da dogon bakin wannan tsuntsu, an rufe shi da baƙar fata, an liƙa masa jajayen idon zakara. Maharbi kan ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kai kamar burtu na tsince-tsince. Barewa ta saba kiwo tare da burtu, ba ta gudunsa. Tsohon ya ɗaura shi ya gwada mana a tsakar gida, yaran gidan suka yi tsit suna kallo. Ya ce rabon da ya shiga dawa da shi tun kafin a haifi uban jikan nan.

Ya rarrabe mini aikin. Akwai farautar gayya, wadda garuruwa ke fita da rani da karnuka da gora da barandami, da makaɗa da kirari, a kewaye fili a tashi duk abin da ke ciki. Wannan ta samari ce da 'yan tauri, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Akwai harbi, aikin mutum ɗaya, wanda ake gada daga uba. Harbi kuma iri biyu ne: sanɗa, inda kai za ka je wa nama, da kwanto, inda nama zai zo maka. Ana kwanto a mashaya, ana yi a gindin aduwa ko kanya lokacin da 'ya'yansu ke zuba, ana yi a kan mushe idan abin da ake nema mai cin nama ne.

Na tambaye shi abin da ya gani da idonsa a ƙasar nan. Ya lissafa barewa, gada, mugun dawa, beguwa, tuje, zabin daji garke-garke, da kura mai zuwa har bakin danga. Jimina da gwanki kuwa a bakin mahaifinsa ya ji su. Abin da ya rage yau zomo ne, kurege, gafiya, bushiya, damo, yanyawa, dila, makwarwa, da tsuntsayen ruwa masu sauka a tafkuna irin na Lasuri, wanda aka sa cikin dausayin duniya masu muhimmanci a 2005. Bai ɗora laifin a kan abu guda ba. Ya ambaci gonaki, ya ambaci farin 1973 da na 1984, lokacin da yunwa ta sa kowa ya zama mafarauci, ya ambaci adaka da fitila mai kashe wa dabba ido da dare. Amma da ya zo kan guba sai muryarsa ta sauya.

Na yi sa'a, domin a kwanakin wani makiyayi ya kawo ƙarar dila da ke ɗauke masa 'yan awaki, kuma wata akuyarsa ta mutu wurin haihuwa. Sarkin Baka ya sanar da mai gari, ya karɓi mushen. Da yamma muka ja shi zuwa bakin wani kwari, inda ya riga ya ga sawun. Ya nuna mini bambancin sawun dila da na karen gida, ya nuna cewa wannan namiji ne babba, kuma yana ɗingisa ƙafar baya. A ganinsa shi ya sa ya koma kamun 'yan awaki, ba ya iya cin ma zomo. Ya ɗaure mushen da turke don kada a ja shi. Ya ɗebi rairayi ya sake shi a iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ya zaɓi wata tsamiya da ke kudu maso yammacin mushen, kimanin taku ashirin, ya ɗaura itatuwa tsakanin rassa biyu ya yi mazauni. Daren farko ba a zama. Ana barin dabba ta ci ta saki jiki, da safe a karanta sawu a tabbatar ita ce ta zo.

Ita ce ta zo. Da ranar kwanto ta yi, muka yi sallar asuba muka hau itacen tun gari bai gama wayewa ba. Ya riga ya gargaɗe ni: ba tari, ba turare, ba motsi. Sanyi ya shiga ƙashina, ƙafata ta mutu, shi kuwa ko gyara zama bai yi ba. Yanyawa ce ta fara zuwa, 'yar ƙarama mai manyan kunnuwa, ta ɗan ci ta wuce, bai ko ɗaga baka ba. Haske ya ƙaru har ana rarrabe kalgo da sabara. Sai ga dilan ya ɓullo daga cikin goriba, yana tafe yana tsayawa, hancinsa sama. Ya zagaya mushen daga nesa, ya koma, ya sake dawowa. Ina ganin ɗingishin sarai. Sai da ya sa baki ya juya gefensa, sannan na ji tsohon ya yi bisimilla a hankali, tsirkiya ta yi ƙara. Dilan ya yi tsalle ya faɗa cikin sabara. Muka ɗan dakata, muka sauko muka bi jini, muka iske shi kwance bai yi nisa ba.

Abin da ya yi bayan haka ya fi harbin tsaya mini a rai. Ya zare kibiyarsa, ya sa jikansa ya haƙa rami mai zurfi, aka binne dilan, aka ɗora ƙaya a kai. Ya ce jikin da dafi ya shiga ba a barinsa a fili, kada kare ko tsuntsu ya ci.

"Malam, kibiyata mutum ɗaya take nema. In ta same shi, magana ta ƙare."

Nan ne bambancin yake. A zamanin mulkin Faransa da shekarun da suka biyo baya, an riƙa zuba guba mai suna sitiriknin cikin nama ana watsawa a makiyaya don kashe kuraye da diloli a ƙasashen Sahel. Yau ba a bukatar jiran kowa: maganin ƙwari na nan a kowace kasuwa, kuma wanda dila ya ɓata wa rai yana iya barbaɗa shi a mushe ya tafi gida ya kwanta. Mushe iri ɗaya ne da na maharbi, amma babu ido a kansa. Dila zai ci, yanyawa za ta ci, karen makiyayi zai ci, ungulu za ta sauka da 'yan'uwanta su ci. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk tsawon lokacin da akuyar nan take yashe a fili, ungulu ko ɗaya ba ta sauka a kanta ba. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san da can ba a rasa ta a mahauta da bakin kasuwa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma fataucin sassan jikinta don tsibbu. Idan babu ungulu, mushe ruɓewa yake a bakin gari, ƙuda da karnuka su ɗauki cutar su kai gida.

Dokar Nijar ta san wannan bambanci. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, ta hana farauta da abinci mai guba, ta hana farautar dare, ta hana kora nama da wuta ko bin sa da mota, kuma ta tanadi izinin farautar gargajiya. Addini ma ya rigaye ta. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an karhanta farauta don wasa, an halatta ta don bukata. Shi ya sa maharbi ke ambaton sunan Allah kafin ya saki kibiya, kuma in naman ci ne ya harba da dafi, da gudu yake bin sa ya yanka kafin rai ya fita, sannan ya yanke wurin da kibiyar ta shiga ya jefar. Sarkin Baka bai taɓa riƙe takardar dokar ba, amma ƙa'idodin da ya gada sun yi daidai da ita: ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa, ba a ɗibar ƙwan zabo duka, kuma in damina ta faɗi ana rataye baka a ɗauki hauya.

A ƙasashen da ake farautar beyar da abinci ma gardamar ke nan. Jihar Kolorado ta Amurka ta hana wannan farauta a 1992. A jihar Maine sau biyu aka jefa ƙuri'a a kan hana ta, a 2004 da 2014, jama'a suka ƙi. Masu suka suna cewa yaudara ce, kuma tana koya wa dabba cin abincin mutane. Masu yi suna cewa zama kusa shi ke ba maharbi damar duba dabba da kyau, ya bar uwa mai 'ya'ya ta wuce. Hujjar da na gani a kan tsamiyar Mallawa ke nan. Abin da ya sa beyar ɗinsu ba ta ƙare ba kuwa ba asiri ba ne: akwai lokacin buɗe farauta da na rufewa, akwai adadin da aka yarda kowa ya kashe, kuma tun 1937 Amurka ke karɓar haraji a kan bindigogin farauta da harsasai tana zuba shi wajen kula da namun daji, daga baya aka haɗa da baka da kibiya. A nan gida ma, fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1965 a kan maharban zaki na wajen Yatakala, a yammacin Nijar, ya nuna mutanen da ba sa fita sai makiyaya sun kawo ƙarar zakin da ya wuce iyaka. Yau zaki a Nijar sai a gandun dajin W.

Kada wani ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, 49 suka rage a 1996. Da aka hana taɓa su, manoman wurin kuma suka yarda su zauna tare da su, sun haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka ɓace shekaru kusan 50 kafin nan. Ba na cewa gwanki zai dawo Mallawa, domin gwanki yana son fili, fili kuwa ya zama gero. Amma zabon daji da makwarwa da zomo da gada, har da barewa, suna iya rayuwa tsakanin gawo da goriba da burtali, muddin aka bar su suka hayayyafa.

Kafin in tafi na zauna da jikan, saurayi mai shekara kamar ashirin, wanda da rani yakan tafi ci-rani Kano. Yana da karnuka biyu, yana fita farautar gayya, yana son kiɗan da kirarin. Sawu kuwa kaɗan ya iya karantawa, kuma ya ce abokansa ba su ga amfanin kwanto a kan itace saboda dila guda ba. Kakansa ya san inda kowace dabba ke kwana, da watan da take haihuwa, da abin da take ci, da itacen da ke maganin saran maciji. Babu ko layi ɗaya na wannan sani da aka rubuta. Na koma Dungas a kan kabu-kabu ina tunanin cewa shi ne abin da ya fi kusa da ƙarewa a ƙasar nan, fiye da ungulu.

Roƙona ga sarakunan Dungas da Magariya, da magadan gari, da ma'aikatan gandun daji, shi ne su daina kallon maharbi a matsayin wanda za a kama, su jawo shi a matsayin wanda za a tambaya. A san kowane Sarkin Baka da Sarkin Dawa da ke gundumomin nan, a ba su takardar izini, a ɗora musu alhakin rufe farauta lokacin haihuwar namun daji da buɗe ta bayan kaka. Duk makiyayi ko manomin da dabba ta yi wa ɓarna ya kai ƙara wurinsu, kada ya nufi mai sayar da maganin ƙwari. Limamai su faɗa a huɗuba, gidajen rediyon karkara su maimaita, cewa zuba guba a mushe ɓarna ce a bayan ƙasa. Ɗaliban Jami'ar Damagaram su zo da alƙalami da na'urar ɗaukar murya su zauna gaban tsofaffin nan tun suna da rai. Manoman wannan ƙasa sun dawo da gawo da hannunsu ba tare da an tilasta musu ba. Idan aka ba maharbanta dama da girmamawa, su ma za su dawo da naman dawa.